Yadda Ake Haƙa, Busarwa da Dafa Saiwar Dandilayon Ba Tare da An Lalata Sinadaranta Ba

Masu tambayar yadda ake sarrafa saiwar dandilayon a yi shayi da ita kashi biyu ne. Akwai 'yan uwa mazauna Ingila, Jamus, Kanada da Amurka, waɗanda wannan ciyawa mai fure ruwan ɗorawa ta cika musu lambun gida, suna so su san ko za su iya haƙa su sha. Akwai kuma na gida da suka ga kwalin shayinta a kanti ko a intanet, an rubuta cewa yana ɗauke da sinadaran antioksidan, wato waɗanda ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, suna so su san ko kuɗinsu zai yi aiki. Abu ɗaya ne ya haɗa su: sinadaran suna nan a cikin saiwar, amma ba su da juriya. Ruwa yana wanke su, iska tana canza su, zafi mai yawa yana ƙona su. Wanda ya saɓa jerin aikin, ko da mataki ɗaya ne, zai ƙare da ruwan ɗaci kawai.

Abin da kake ƙoƙarin adanawa

Dole a san wannan a taƙaice, domin kowane mataki a kansa ya dogara. Na farko su ne asid-asid na dangin fenol, wato kilorojenik, cikorik da kafeyik. Su ne mafi yawan abin da ake nufi idan an ce antioksidan, suna narkewa a ruwan zafi, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. Na biyu inulin ne, wani nau'in sitaci da hanjin mutum ba ya narkarwa sai ƙwayoyin da ke zaune a babban hanji su ci. Na uku sinadaran ɗaci ne, dangin waɗanda ke cikin shuwaka, domin dandilayon da shuwaka da latas duk 'yan gida ɗaya ne a tsirrai. Na huɗu su ne irin su taraksasterol, waɗanda mai ne ke narkar da su, don haka kaɗan ne ƙwarai ke fitowa a shayi komai daɗewar tafasa.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: ganye da furen dandilayon sun fi saiwar yawan sinadaran fenol. Saiwa ta yi fice ne a inulin da ɗaci. Idan antioksidan ne zalla burinka, kada ka zubar da ganyen.

Kayan aiki da lissafin kuɗi

Cebur mai yatsu ko dogon dagi, safar hannu, bokiti biyu, tsohon burushin haƙori mai tsabta, wuƙa mai kaifi marar tsatsa, katakon yanka, tire ko raga ta shanya, kwalaben gilashi masu murfi, ƙaramar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa ko ta gilashi, da mataci. Yawancin waɗannan akwai su a gida. Abin da ya cancanci ka cire kuɗi ka saya shi ne sikelin kicin mai nuna gram ɗaya-ɗaya, sai ma'aunin zafi na cikin obin idan da shi za ka busar. Na'urar busar da abinci tana sauƙaƙa aiki, amma ba a sayenta saboda kwalba ɗaya ta saiwa.

Lissafin kuwa ga shi. Kofi ɗaya yana cin gram 4 na busasshiyar saiwa. Kofi biyu a rana na mako biyu gram 112 ke nan. Ɗanyar saiwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kilo ɗaya yakan bar gram 200 zuwa 250 bayan bushewa. Saboda haka rabin kilo na ɗanya ya ishi mutum ɗaya. Kada ka haƙe fili guda.

1. Tabbatar da tsiron

Sunansa a littattafan tsirrai Taraxacum officinale. Ganyensa duka daga gindi suke fitowa, suna kwance a zagaye a kan ƙasa, bakinsu tsaga-tsaga yana kallon baya, kuma ba su da gashi idan ka shafa. Karan furen guda ne, ba reshe, ba ganye a jikinsa, fure ɗaya tak a kansa. Karya karan ka duba: cikinsa rami ne, kuma farin ruwa mai danƙo zai fito nan take.

Hattara: a filayen Turai akwai wata ciyawa, Hypochaeris radicata, da ke yaudarar mutane sosai. Furenta iri ɗaya ne daga nesa, amma ganyenta na da gashi, karanta siriri ne mai tauri, yana kuma yin reshe biyu ko uku. Idan ka ga reshe, bar ta. Tunda a lokacin haƙa sau da yawa babu fure, dabara ita ce ka yi wa tsiron alama da tsinke tun watan Afrilu ko Mayu lokacin da yake fure.

Mazauna Gana da ƙasar Yarbawa su lura da wani ruɗanin daban. Ganyen da ake kira dandilayon a kasuwannin Gana, wanda Yarbawa ke cewa yanrin, wani tsiro ne mai suna Launaea taraxacifolia. Ɗan uwa ne, ana cin ganyensa, amma awon da ke cikin wannan jagora ba nasa ba ne.

2. Zaɓen wuri

Wannan mataki ya fi duk sauran nauyi, domin kuskurensa ba ya gyaruwa a kicin. Dandilayon yana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam daga ƙasa har masu bincike suna amfani da shi wajen auna gurɓatar wuri. Saiwa kuma ita ce ke zaune cikin ƙasar shekara da shekaru. Bakin titi, gefen layin dogo, kusa da masana'anta, gindin bangon tsohon gida da aka taɓa yi wa fenti mai dalma, duk a bar su. Wanki ba ya cire abin da ya riga ya shiga cikin saiwa.

Sai maganin ciyawa. A ƙasashen Turai da Amurka dandilayon shi ne abokin gaba na ɗaya ga masu son koren fili, kuma ana fesa masa 2,4-D ko gilaifoset. Filin wasa, filin ƙwallo, farfajiyar gidajen haya da kamfani ke kula da ita, a ɗauka an fesa sai an tabbatar da akasin haka. Alamar 2,4-D ita ce ganye da kara su murɗe su lanƙwashe. Amma tsiro na iya zama da magani a jiki kafin alama ta fito, don haka tambayar mai wurin ta fi kallo. Haka nan wurin da ake zagayawa da karnuka. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

A Birtaniya akwai batun doka: dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke kowane tsiron daji ba da izinin mai ƙasar ba, har da wannan da kowa ke ɗauka ciyawar banza. Lambun gidanka, ko na maƙwabcin da ya yarda kuma ba ya feshi, shi ne mafi kwanciyar hankali. Galibi ma godiya zai yi maka.

3. Lokacin haƙa

Lokaci biyu ne. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare, tsiron ya tara abincinsa a saiwa, inulin na iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari na busasshiyar saiwa. Saiwar tana da kauri da nauyi, ɗacinta da sauƙi, ta fi kuma auki bayan bushewa. A Maris ko farkon Afrilu, kafin fure, inulin ya sauka har zuwa wajen kashi 2 domin tsiron ya mayar da shi suga ya cinye, ɗaci kuma ya ƙaru. Mai son ɗaci don buɗe ciki ya haƙa a Maris. Kowa ban da shi ya jira Oktoba. Tsakiyar lokacin fure shi ne mafi muni, saiwar ta rame ta yi laushi.

Zaɓi manyan tsirrai masu faɗin ganye, waɗanda suka shekara ɗaya ko biyu. Ka fita kwana ɗaya bayan ruwan sama, ƙasa ta yi taushi amma ba caɓi ba.

4. Haƙa

Saka safar hannu tukuna. Farin ruwan yana barin tabo mai duhu a fata da tufafi, wasu mutanen kuma yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Soka cebur ɗin a tsaye, tazarar santimita 10 daga gindin tsiron, ya shiga zurfin santimita 25 zuwa 30. Girgiza shi gaba da baya, ka cire, ka sake sokawa ta ɗaya gefen. Idan ƙasar ta saki ta kowane ɓangare, sai ka tattara ganyen a hannu ɗaya ka ɗaga a hankali tare da cebur ɗin. Fizga da ƙarfi ita ce ke karya saiwa a tsakiya. Karyayyar saiwa tana zubar da farin ruwan, kuma binciken da aka yi a cibiyar Max Planck da ke Jena a Jamus ya nuna cewa a cikin wannan ruwa ne tsiron ke tara sinadarin ɗacinsa da wasu sinadaran fenol, da su yake korar tsutsar da ke cin saiwarsa. Duk ɗigon da ya zuba a ƙasa, daga kofinka ya fita.

Guntun da ya rage a rami zai sake tsirowa, wannan ba asara ba ce. Kada ka yanke ganyen a fili. Kai su gida a haɗe, a cikin bokiti ko kwando, ba cikin leda ɗaurarriya ba.

5. Wanki, kafin wuƙa ta taɓa

Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskuren jeri: su yanka, sannan su wanke, ko su jiƙa cikin ruwa su kwana da ita wai ƙasa ta saki. Asid-asid ɗin nan suna narkewa a ruwa. Yankakkiyar saiwa da aka wanke an riga an yi shayinta an zubar a kwata.

Karkaɗe ƙasar da hannu. Tsoma saiwar a bokitin farko na ruwan sanyi, ka jujjuya na minti biyu ko uku. Goge kowace ɗaya da burushi, musamman wuyan da ganye ke fitowa da kuma tsakanin rassa, inda yashi ke maƙalewa. Ɗauraye a bokiti na biyu. Sai yanzu za ka yanke ganyen daga saman wuya, ka tsinke ƙananan gashin jiki da yatsa.

Kada ka fere bawon. Siriri ne, kuma jijiyoyin da ke ɗauke da farin ruwan suna can ƙarƙashinsa. Duk saiwar da ka ga cikinta ya yi rami, ya yi baƙi, ko tana wari, jefar da ita.

Shimfiɗa su a kan tawul a inuwa na awa uku zuwa huɗu, jikinsu ya tsane su ɗan saki. Saiwar da ta ɗan yi yaushi ba ta zubar da ruwa da yawa idan an yanka.

6. Yanka

Wanda ya taɓa yanka yalo ya bar shi a faranti ya ga yadda yake yin duhu cikin 'yan mintoci. Asid kilorojenik ne a cikin yalon ke haɗuwa da iska, wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin tsiron yana hanzarta haɗuwar. Aiki iri ɗaya ne ke faruwa a saiwar dandilayon, kuma duhun da kake gani shi ne antioksidan ɗin da ya riga ya ƙare. Abin da ke tsayar da shi bushewa ce. Don haka daga yanka zuwa shanya kada a bar tazara: shirya tire da wurin shanya kafin ka ɗauki wuƙa.

Yanka su faifai-faifai, kaurin milimita 3 zuwa 5, daidai wa daida domin su bushe tare. Masu kaurin babban yatsa a fara tsaga su biyu a tsaye. Wuƙa ta zama mai kaifi, domin dakusasshiya matsewa take yi tana fasa ƙwayoyin. Kada a daka ɗanya a turmi, kada a sa ta a injin markaɗe. Hakan yana buɗe ko'ina ga iska, cikin rabin awa duk ta rine.

Dubi fuskar yanka ɗaya da kyau, za ta yi maka amfani nan gaba: tsakiya ɗan ƙaramin da'ira ne ruwan ɗorawa, kewaye da shi farin nama mai faɗi, a cikinsa akwai siraran zobba masu duhu, ɗaya cikin ɗaya.

7. Busarwa

Ƙa'idar ita ce sauri ba tare da zafi mai yawa ba, kuma su biyun suna jan juna. Idan zafi ya yi ƙasa, saiwa ta daɗe da laima, ta yi duhu ko ta yi fumfuna. Idan ya yi yawa, waje ya ƙafe ya rufe laima a ciki, sinadaran kuma su fara lalacewa. Tsakanin digiri 40 da 45 a ma'aunin Salshiyas shi ne daidai, kada a wuce 50.

Da na'urar busarwa, shimfiɗa layi ɗaya kada wani ya hau wani, a kan digiri 45, awa 8 zuwa 14 gwargwadon kauri. Da obin, kunna fanka, sa shi a mafi ƙarancin zafi, ka tokare ƙofar da cokalin katako ta ɗan buɗe don tururi ya fita. Obin da yawa ƙaramin zafinsu ya haura 50, lambar da ke jikin makunni kuma ba abin dogaro ba ce, shi ya sa ake buƙatar ma'aunin zafi a ciki. Idan ya haura, kashe ka bar fanka kaɗai na ɗan lokaci. Da iska kawai, shimfiɗa a kan raga a ɗaki mai ɗumi da iska ke ratsawa, kusa da abin ɗumama ɗaki amma ba a kansa ba, ana juyawa safe da yamma, mako ɗaya zuwa biyu. A gidajen Ingila masu laima a watan Oktoba wannan hanya ta ƙarshe ita ce ta fi kawo fumfuna, ƙaramar fanka tana taimakawa sosai.

Kada a shanya a rana kai tsaye, kuma maikurowef ba wurin wannan aiki ba ne.

Gwaji biyu ne. Ɗauki mafi kauri ka karya: ya ce ƙas, ba ya lanƙwasa. Sannan auna tiren duka, ka ƙara awa ɗaya na busarwa, ka sake aunawa. Idan nauyin bai sauka ba, an gama. Busasshiya mai kyau wajenta ruwan ƙasa ne, cikinta fari-fari. Idan cikin ya rine gaba ɗaya, busarwar ta yi jinkiri. Za a iya sha, amma an yi hasarar abin da ake nema. Idan kuwa ka ga farin gashi ko kore-kore ko da a kan guda biyu ne, zubar da tiren duka, tafasa ba ta kashe gubar fumfuna.

8. A gasa ko a bari?

Gasasshiyar saiwa ita ce ake sayarwa a matsayin madadin kofi, wato gahawa, marar kafeyin, kuma gaskiya ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Zafi yana fasa inulin ya koma suga, sugan ya yi ƙamshi. Amma zafin nan yana rushe asid kilorojenik da cikorik, kamar yadda yake yi a gashin kofi. Gashi yana haifar da wasu sinadarai masu launin ƙasa da su ma ke nuna ƙarfin antioksidan a gwajin ɗakin bincike, sai dai ba su ne na asalin tsiron ba. Shawararmu a raba biyu: kashi biyu cikin uku a bar shi ba a gasa ba, kashi ɗaya a gasa don ɗanɗano, a riƙa haɗawa a tukunya.

Busasshiya ake gasawa, ba ɗanya ba. Digiri 160, ko 140 idan obin mai fanka ne, minti 20 zuwa 30, ana juyawa kowane minti 10. Daga minti na 15 kada ka bar kicin, domin tsakanin ƙamshi da ƙauri minti biyu ne. Sauke idan ta yi ruwan ƙasa mai haske. Gasawa har ta yi baƙi tana ƙara akirilamaid, wani sinadari da ake zargi da cutar da lafiya, wanda Tarayyar Turai ta sa wa ma'auni tun 2017 a kan madadin kofi da ake yi da saiwar cikori, 'yar uwar dandilayon. Hayaƙi ya tashi, an wuce wuri.

9. Ajiya

Bari ta huce sarai, sannan a zuba a busasshiyar kwalba a rufe. Washegari duba jikin gilashin. Idan ya yi gumi, mayar da ita shanya. Inulin yana jan laima daga iska, don haka leda da takarda ba sa riƙe ta, musamman ga wanda aka kawo wa tsaraba gida ya shiga damina da ita. A ajiye cikin kabad mai duhu, nesa da murhu, a rubuta wata da shekara a jiki. Shekara ɗaya ce iyakarta. Kada a niƙe duka lokaci guda, gari yana rasa ƙarfinsa da wuri. A niƙa ko a ɗan farfasa na mako ɗaya kawai.

10. Idan saya za ka yi

Duba sunan Taraxacum officinale a jikin kwalin, da kuma ko saiwa ce, ganye ne, ko haɗi. Duba ko gasasshiya ce, domin yawancin shayin cikin ƙananan jakunkuna gasasshe ne, wasu ma an haɗa da cikori ko sha'ir. A Najeriya nemi lambar NAFDAC, a Birtaniya alamar THR ga wanda aka yi wa rajista a matsayin maganin gargajiya. Jaka ɗaya yawanci gram 1.5 zuwa 2 ce, wato jaka biyu ne awon kofi ɗaya, don haka raba farashi da yawan gram kafin ka kwatanta. Yankakkiyar saiwa ta awo kusan kullum ta fi araha, kuma ita kaɗai ce za ka iya tantancewa da ido: nemi zobban nan ɗaya cikin ɗaya. Saiwar cikori, wadda ake cakuɗawa da ita, layukanta daga tsakiya suke fita zuwa baki. Gari da kafso ba yadda za ka gane.

Ruwan ɗigo da ake sayarwa a ƙananan kwalabe galibi da barasa ake tatso shi. Karanta jikin kwalbar, akwai wanda ake yi da gilisarin.

11. Dafawa

Saiwa ba ganyen shayi ba ce da za a zuba wa ruwan zafi a tace, sai an ɗan dafa ta. Auna gram 4, kimanin cokalin shayi biyu na yankakkiya, a cikin ruwan sanyi mililita 250. Ɗora a wuta, da ta tafasa a rage wutar ƙasa sosai, a rufe, ta yi minti 10 zuwa 15 tana ɗan motsi. Sauke, a bar ta a rufe minti 10, a tace a matse. Farawa da ruwan sanyi yana ba busasshiyar saiwa lokacin jiƙa. Tafasa ta awa guda ba ta ƙara komai sai ɗaci da asara. Idan gari ne, minti 5 ya isa.

Kada a sa kanwa. Mun saba jefa 'yar kanwa ko jar kanwa a tukunyar saiwoyi, amma asid kilorojenik ba ya jure ta: ruwan zai koma kore-kore ko baƙi, sinadarin ya lalace. Sodar gashin burodi (baking soda) ma haka. Kada kuma a dafa a tukunyar baƙin ƙarfe ko mai tsatsa, domin sinadaran fenol suna kama ƙarfe, ruwan ya yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon tsatsa. Saboda wannan dalilin ne mai shan maganin ƙarin jini zai bar tazarar awa biyu tsakaninsa da wannan shayi.

Citta, kanumfari ko kirfa za su iya shiga tukunya tun farko. Lemon tsami da zuma sai bayan an tace. Idan shayin ya huce ka ga ya yi gajimare ko farin abu ya kwanta a ƙasa, inulin ne, ba lalacewa ba, ɗumama shi zai narke. Abin da ya rage a sa a firiji, a shanye cikin awa 24.

Ganyen da ka ajiye, idan ka busar da shi a inuwa, ana jefa cokali ɗaya a tukunya a lokacin da aka sauke, ya jiƙa a minti goman nan na ƙarshe. Ganye ba ya son tafasa.

12. Sha, da waɗanda bai kamata su sha ba

Fara da rabin kofi a rana na kwana uku. Inulin yana kawo iska da kumburin ciki ga wanda bai saba ba, mai hanji mai saurin tashi kuma zai fi jin sa. Idan lafiya, a kai kofi ɗaya sau biyu, iyaka uku. Don buɗe ciki, minti 20 zuwa 30 kafin abinci. Yana ƙara fitsari, don haka ba na dare ba ne, kuma mai azumi ya guje shi da sahur.

Hukumar Kula da Magunguna ta Turai ta amince da shi ne a matsayin maganin gargajiya na ƙananan matsalolin ciki, rashin cin abinci na ɗan lokaci, da ƙara fitsari. Ta hana shi ga mai tsakuwar matsarmama, mai toshewar hanyar matsarmama, mai ciwon hanta da mai gyambon ciki da ke tashe. Ba ta ba da shawararsa ga mai juna biyu, mai shayarwa, ko yaro ƙasa da shekara 12 ba. Mai ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko ciwon suga shi ma ya ƙaurace, saboda haɗarin hauhawar fotasiyam a jini. Mai shan litiyam, maganin ƙara fitsari, wafarin ko sifurofuloksasin ya tambayi likita ko mai haɗa magunguna tukuna. Wanda dangin wannan tsiro ke tayar wa ƙaiƙayi ko atishawa kada ya gwada.

Ƙarfin antioksidan da ake rubutawa a kwali, a kwalbar gwaji ake auna shi: a ɗiga ruwan saiwa a wani sinadari mai launin shunayya a ga yadda ya kodar da shi. Wannan ba ya nuna abin da zai faru bayan hanji da hanta sun sarrafa shi, shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na irin waɗannan lambobi a 2012. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa saiwar tana kashe cutar kansa, wato ciwon daji, cikin awa 48 ya samo asali ne daga binciken Jami'ar Windsor a Kanada, wanda aka yi a kan ƙwayoyin halitta a faranti da kuma ɓeraye. Mai ciwon daji kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi, kuma ya gaya wa likitansa idan yana sha.

Sha na mako biyu a dakata. Idan matsalar cikin da ta sa ka fara tana nan bayan mako biyun, ko ciwo ya taso a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, ko ƙwannafi ya ƙaru, a daina nan take a je asibiti.